Yadda ake yi wa sabon jirgi mara matuƙi rajista da samar masa takardar gwaji a Amurka

Wanda ya ƙera jirgi mara matuƙi da hannunsa, ya zana fukafukan, ya ɗaura injin, ya haɗa wayoyin, abin da ke ransa shi ne ranar da zai ga abin ya bar ƙasa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ba wannan ranar ce ta dame ta ba. Tambayarta guda ce tun daga fom na farko har zuwa na ƙarshe: idan wannan jirgin ya ƙi jin magana yana sama, ina zai faɗi, kuma wa ke wurin? Duk wanda ya riƙe wannan tambayar a ransa tun yana teburin zane, takardun ba za su ba shi wahala sosai ba. Wanda ya bari sai ya gama ƙira sannan ya tuna da hukuma, shi ne ke shafe watanni ana dawo masa da takardu.

Tsarin Amurka zan bi daki-daki, domin a can ne aka fi shimfiɗa hanyar jirgin gwaji a rubuce, kuma ɗalibanmu da injiniyoyinmu da ke jami'o'i da kamfanonin can suna cin karo da shi.

Mataki na farko: ɗora shi a sikeli kafin ka cika kowane fom

Nauyi ne ke raba hanya. Iyakar ita ce fam 55, wato kilo 25 saura kaɗan, kuma ana nufin nauyin jirgin a lokacin tashi da duk abin da ke jikinsa: batir, mai, kyamara, kayan da ya ɗauko. Doka ta ce ƙasa da fam 55, saboda haka jirgin da ya cika 55 cif ya riga ya tsallaka.

Idan jirginka bai kai haka ba, akwai yiwuwar ba ka buƙatar takardar gwaji ko kaɗan, wato shaidar cancantar tashi ta musamman da FAA ke ba jirgin da ake gwadawa. Sashe na 107 na dokokin jiragen sama, wanda ya fara aiki ranar 29 ga Agustan 2016, bai nemi takardar cancantar tashi ga ƙananan jirage ba. Ya ɗora wa matuƙin nauyin duba lafiyar jirgin kafin kowane tashi, sannan ya gindaya iyakoki: kada ya wuce ƙafa 400 daga ƙasa, kada gudunsa ya wuce mil 100 a awa, kuma kada ya ɓace wa idon matuƙi ko na mai taya shi sa ido. Matuƙin sai ya kai shekara 16, ya ci jarrabawar FAA mai tambayoyi 60 da aƙalla kashi 70 cikin ɗari, hukumar tsaron sufuri ta tantance shi, sannan ya riƙa sabunta horonsa duk wata 24. Idan filin gwajin yana cikin sararin da hasumiyar filin jirgi ke kula da shi, ana neman izini ta LAANC, tsarin neman izinin tashi ta intanet, wanda a wurare da yawa amsarsa ba ta ɗaukar lokaci.

Shawarata ga duk mai sabuwar ƙira ita ce ya fara da ƙaramin samfuri a ƙarƙashin wannan sashe, ko da babban jirgi yake hari. Ka gina rabin girmansa, ka gwada na'urar sarrafa tashi a kai, ka tara awoyi da bayanai. Ranar da za ka zauna da jami'an FAA a kan babban, waɗannan bayanan ne za su yi maka magana.

Takardar gwaji tana zama dole ne idan jirgin ya kai fam 55 ko fiye, ko gwajin da kake so ya fita daga abin da Sashe na 107 da sassaucinsa za su iya ɗauka, ko kuma kana shirin kai ƙirar ga cikakkiyar shaidar da za ta ba ka damar ƙerawa da yawa ka sayar. Akwai wata hanya ta daban, neman keɓewa a ƙarƙashin sashe na 44807 na kundin dokokin sufuri, wanda majalisa ta zartar a 2018, wadda masu feshin gona da manyan jirage suka fi bi. Wannan ta fi dacewa da jirgin da ya riga ya nuna halinsa kuma ake so a yi sana'a da shi. Sabon jirgin da bai taɓa tashi ba, gidansa rukunin gwaji.

Mataki na biyu: wa ke da jirgin a idon doka?

A nan ne baƙi suka fi tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya. Rajistar jirgi a ƙarƙashin Sashe na 47 ba ta kowa ba ce. Mai ita sai ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko baƙon da ke da izinin zama na dindindin, ko kamfanin da doka ta ɗauke shi ɗan ƙasa, wato shugabansa da kashi biyu cikin uku na daraktocinsa 'yan ƙasa ne, kuma aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un hannun jarinsa suna hannun 'yan ƙasa. Kamfanin da bai cika wannan ba yana iya yin rajista idan an kafa shi bisa dokar Amurka, kuma jirgin a can yake zaune a can yake aiki, aƙalla kashi 60 cikin ɗari na awoyin tashinsa a cikin ƙasar.

Ma'anar wannan ga ɗalibin da ya je da bizar karatu ita ce ba zai sa sunansa a matsayin mai jirgin ba, ko da shi ya ɗaure kowane ƙusa. Jami'a ce za ta yi rajistar da sunanta. Ka je ofishin da ke kula da bincike tun da wuri, ka tambayi wanda ke da ikon sa hannu a madadin makarantar, domin FAA tana duba muƙamin mai sa hannun. Ka kuma tambaye su batun dokokin hana fitar da fasaha. A tsarin Amurka, nuna wa baƙo wasu bayanan fasaha a cikin ɗakin gwaji ana ɗaukarsa tamkar an fitar da su zuwa ƙasarsa, kuma wasu na'urorin jirage marasa matuƙa suna cikin jerin abubuwan da waɗannan dokoki suka shafa. Gara ka ji wannan daga bakin lauyan makaranta a farkon aiki da ka ji shi bayan an hana ka shiga ɗakin da jirginka yake.

Mataki na uku: rajista da lambar N

Rajista iri biyu ce. Ta Sashe na 48 a intanet ake yinta, a shafin FAADroneZone, dala 5, tana aiki shekara uku, kuma ta ƙananan jirage ce kawai. Jirgin da za a nema wa takardar cancantar tashi yana bin ta Sashe na 47, irin wadda ake yi wa jirgin fasinja, ta hannun ofishin rajistar jirage da ke Oklahoma City. Ita ma dala 5 ce, kuma tun farkon 2023 wa'adinta ya koma shekara bakwai. A nan ne jirgi ke samun lambar da ta fara da harafin N, alamar Amurka, kamar yadda 5N take ta Najeriya, 5U ta Nijar.

Kana iya barin ofishin ya ba ka duk lambar da ta zo, kana kuma iya kama wadda kake so a dala 10 na shekara guda. Bayan N ɗin ba a wuce alamomi biyar, ba a farawa da sifili, haruffa ba sa wuce biyu a ƙarshe, kuma ba a amfani da I ko O don kada a rikita su da ɗaya da sifili.

Abubuwan da za ka aika su ne fom AC 8050-1, kuɗin rajista, da shaidar mallaka. Shaidar mallakar ce ke da ɗan aiki, tun da ba saye ka yi ba balle ka nuna takardar ciniki. Za ka rubuta takardar rantsuwa a gaban jami'in da doka ta ba ikon shaida rantsuwa, ka bayyana sunan maƙeri, sunan samfuri, lambar siriyal, ko mai fukafuki ne ko mai farfela a sama, irin injin da adadinsa, mafi girman nauyin tashi, da cewa ba a yi masa rajista a wata ƙasa ba. Ka ajiye rasit ɗin manyan kayan da ka saya, injin da na'urar sarrafawa da rediyo.

Kai ne maƙerin, don haka kai za ka raɗa sunan samfuri da lambar siriyal. Ka zaɓe su sau ɗaya ka tsaya a kai. Idan a fom ka rubuta 001, a takardar rantsuwa ka rubuta 01, a farantin jikin jirgi kuma ka buga 0001, a idon ofishin jirage uku ne, kuma takardunka za su dawo. Haka sunan mai jirgin: yadda yake a takardar kafa kamfani, haka zai fito ko'ina, har waƙafi. Ka tura rajista da wuri, domin ba a ba jirgin da ba shi da rajista takardar cancantar tashi, kuma layin Oklahoma City yakan yi tsawo.

Sashe na 45 ne ya tsara yadda ake rubuta lambar a jikin jirgi da farantin shaida mai jure wuta. An rubuta ƙa'idojin ne da manyan jirage a zuciya, saboda haka idan jikin naka bai isa ɗaukar girman haruffan ba, ka tayar da maganar da jami'in da ke kula da takardunka tun kafin ka yi fenti.

Sai alamar shaida daga nesa ta Sashe na 89, wadda ta wajaba a kan masu tuƙi tun Satumban 2023: jirgi yana tafe yana watsa lambarsa da inda yake. Ga jirgin da aka ƙera a ɗakin gwaji, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura masa ƙaramar na'urar watsawa da FAA ta amince da ita, sai dai mai amfani da ita dole jirgin ya kasance a idonsa. Dokar ta kuma bar ƙofa ga masu binciken fasahar jirage su nemi izinin tashi ba tare da ita ba.

Mataki na huɗu: wasiƙar bayanin shiri

Wannan ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Littafin da jami'an FAA ke bi shi ne Umarni mai lamba 8130.34, wanda bugunsa na D ya fito a 2017. Ka sauke bugun da ke aiki a lokacin da kake nema, ka karanta shi daga bango zuwa bango. A ƙarshensa akwai tsarin wasiƙar da jerin tambayoyin kariya da za a yi maka, wato an ba ka tambayoyin jarrabawa tun kafin ranar.

Da farko za ka faɗi dalilin gwajin. Sashe na 21.191 ya jera dalilai, kuma waɗanda suka shafi jirgi mara matuƙi su ne bincike da haɓaka ƙira, nuna cika ƙa'ida, horar da ma'aikatan jirgi, baje koli, da gwada kasuwa. Sabon samfuri bincike da haɓakawa yake nema, galibi a haɗa da horar da ma'aikata, tun da sai ka koya wa matuƙi na biyu. Kada ka yi gaggawar saka gwada kasuwa, wato nuna wa masu saye. Wannan yana buƙatar jirgin ya riga ya yi aƙalla awa 50 a sama.

Daga nan sai bayanin jirgin: zane ko hoto daga gaba da gefe da sama tare da awo, nauyi, gudu, iyakar tsayi, daɗewa a sama, tashar sarrafawa ta ƙasa, da mitocin rediyon da za ka yi amfani da su. Sai adadin tashi ko awoyin da kake hasashen gwajin zai ci. Sai filin, da taswira da lambobin kusurwoyinsa, da abin da ke kewaye da shi: gidaje, tituna, layin wuta, filin jirgi mafi kusa.

FAA tana auna haɗarin shirinka da abubuwa huɗu, nauyi da gudu da tsayi da tarihin tashin jirgin, ta sanya shi a ɗaya daga rukunai uku. Rukuni na uku shi ne mai mafi yawan takardu da bincike. Tashi da dare, ko nesa da ganin ido, ko kusa da filin jirgi mai hada-hada, duk suna ƙara tsananta binciken. Kuskuren da masu ƙira suka fi yi shi ne su zuba duk burinsu a wasiƙar farko: ƙafa dubu goma, dare da rana, nisan kilomita hamsin. Ka nemi mafi ƙanƙantar abin da zai ishe ka tashin farko, da rana, ƙasa-ƙasa, a fili mara mutane, jirgi a idonka. Da tafiya ta yi tafiya ka dawo da bayanai ka nemi a faɗaɗa maka. Da rarrafe yaro kan tashi.

Girman filin ma lissafi ne, ba ra'ayi ba. A ce jirginka yana gudun mita 25 a daƙiƙa, kuma ka saita shi ya jira daƙiƙa 10 bayan sadarwa ta yanke kafin ya juyo. Kafin ya fara juyawa ya ci mita 250, ban da faɗin da'irar juyawar da abin da iska za ta ƙara. Idan injin ya mutu yana tsayin mita 120, kuma ƙirarsa tana sulalewa mita goma gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, zai iya kaiwa kilomita 1.2 kafin ya taɓa ƙasa. To tsakanin inda kake shawagi da gidan mutum na farko dole a sami wannan tazarar da ƙari. Ka sa wannan lissafin a wasiƙar da lambobin jirginka na gaskiya. Jami'in da ya ga ka yi shi da kanka ya san da wanda yake magana.

Mataki na biyar: jerin tambayoyin kariya da zaman tantancewa

Tambayoyin suna bin jirgin gaɓa-gaɓa, kuma kusan kowacce tana komawa ga "idan wannan ya lalace fa?" Idan sadarwa ta yanke, me jirgin zai yi, bayan daƙiƙa nawa, ta wace hanya, zuwa ina? Idan GPS ya ɗauke? Idan su biyun suka tafi lokaci guda, wanda shi ne ainihin abin tsoro, domin jirgin da aka ce ya dawo gida bai san inda gida yake ba? Idan kwamfutar ƙasa ta daskare? Akwai hanyar kashe tashin da ba ta bi ta na'urar sarrafawa ba, mai rediyonta da batirinta daban? Wa ke da ikon danna ta, kuma a wane layi a taswira zai danna ba tare da ya tsaya shawara ba?

Kada ka amsa da abin da littafin manhajar sarrafa tashi irin su ArduPilot ko PX4 ya ce za su yi. Ka amsa da abin da ka gani jirginka ya yi. Ka cire farfela, ka ɗaure jirgin a kan benci, ka kunna komai kamar za a tashi, mutum ɗaya ya riƙe agogo. Ka kashe rediyon hannunka. Ka duba allon: daƙiƙa nawa kafin yanayin tashi ya sauya, ina fiffiken wutsiya ya karkata, injin ya rage ko ya ƙara? Ka kunna rediyon, ka ga ko iko ya dawo hannunka nan take ko sai ka yi wani abu. Ka zare wayar GPS ka maimaita. Ka rubuta kwanan wata, lambar manhajar da ke kan na'urar, da abin da ya faru, ka adana fayil ɗin bayanan. A irin wannan gwajin ne ake gano cewa wurin komawa da aka saita har yanzu yana nuna harabar ɗakin gwaji, ba filin tashi ba.

Auna nauyi da daidaito shi ma a rubuce ake son sa. Sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, jirgi a miƙe daidai. Misali tayar gaba ta nuna kilo 6 a nisan mita 0.30 daga hancin jirgi, tayoyin baya kilo 13 kowacce a mita 1.10. Jimilla kilo 32. Ka ninka kowane nauyi da nisansa: 1.8 da 28.6, sun zama 30.4. Ka raba da 32, cibiyar nauyi tana mita 0.95 daga hanci. Ka yi wannan da tanki cike da kuma tanki wayam, da kaya da babu kaya, ka nuna duka suna cikin iyakar da ƙirarka ta yarda.

Za a nemi tsarin dubawa da gyara: me ake dubawa kafin kowane tashi, me ake dubawa bayan awoyi kaza, yaushe ake sauya batir ko farfela ko ƙananan motocin da ke motsa fukafukai, wa ke sa hannu. Za a nemi littafin tarihin jirgi, da bayanin horon matuƙi da masu sa ido. Lasisin Sashe na 107 na ƙananan jirage ne a ƙarƙashin wancan sashe. Ga babban jirgin gwaji, FAA ce za ta faɗi irin shaidar da matuƙin zai riƙe, kuma tana iya neman lasisin tuƙin jirgi mai ɗaukar mutane, don haka ka yi wannan tambayar tun a tattaunawar farko.

Rediyo ba na FAA ba ne, na hukumar sadarwa ce, FCC. Ƙananan na'urori masu aiki a 900 MHz da 2.4 GHz da 5.8 GHz suna da hurumin aiki ba lasisi matuƙar ba a ƙara musu ƙarfi fiye da ƙa'ida ba. Idan za ka fita daga nan, sai ka nemi lasisin gwaji na FCC, kuma shi ma yana da nasa layin. Lasisin masu rediyon sha'awa ba ya halatta aikin kamfani.

Bayan an karanta takardunka, za a kira zaman tantancewa, ido da ido ko ta bidiyo, da masu duba ƙira, masu duba harkar tuƙi, da mutanen kula da zirga-zirgar sama. Ka zo da wanda ya rubuta manhajar da wanda zai tuƙa. Inda ba ku gwada ba, ku ce ba ku gwada ba, ku faɗi ranar da za ku gwada. Waɗannan mutane sun ga jirage da yawa sun faɗi, suna gane amsar da aka ƙaga a wurin.

Mataki na shida: izinin sararin sama

Takardar cancantar tashi ta jirgi ce. Sararin da zai shiga kuma sai da wata takardar izini da ake kira COA, daga ɓangaren kula da zirga-zirgar sama na FAA. Dalilinta shi ne doka ta wajabta wa kowane matuƙi ya gani ya kauce wa sauran jirage, kuma babu kowa a cikin naka da zai gani. COA ce ke faɗin abin da zai maye gurbin wannan idon: masu sa ido a ƙasa, ko jirgin rakiya, da sanarwar da za ka fitar wa sauran matuƙa kafin kowane tashi, da lambar da za ka kira idan jirgi ya ƙwace. Ka fara nemanta tare da sauran takardun, kada ka jira su ƙare.

Mai son rage wa kansa wahala ya duba filayen gwajin da FAA ta amince da su. An zaɓi shida a Disambar 2013, a Alaska, Nevada, New York, North Dakota, Texas da Virginia, daga baya aka ƙara na Jami'ar Jihar New Mexico. Suna da sararin da aka riga aka tantance da ma'aikatan da suka saba da waɗannan takardu. Ana biyan kuɗi, amma ga ƙaramin kamfani sau da yawa ya fi arha a kan watannin da za a ɓata ana neman fili daga tushe.

Mataki na bakwai: ranar duba jirgi

Za ka cika fom 8130-6, takardar neman shaidar cancantar tashi. Sufeton FAA, ko wakilin da ta ba wannan iko, zai zo inda jirgin yake. Zai gwada lambar jiki da ta rajista, ya duba farantin shaida, littafin tarihi, takardar nauyi, ya bi jirgin da tashar ƙasa da ido da hannu, ya sa a kunna a motsa fukafukai, yana iya cewa a nuna masa yankewar sadarwa a gabansa. Jirgin da zai gani dole ya zama shi ne wanda wasiƙarka ta bayyana. Idan ka sauya injin ko rediyo bayan ka aika takardu, ka sanar kafin ya taso.

Idan ya gamsu, zai ba ka fom 8130-7, shaidar cancantar tashi ta musamman a rukunin gwaji, tare da takardar iyakokin aiki. Iyakokin ɓangare ne na shaidar, karya su karya doka ne. Ku zauna da duk ma'aikatan ku karanta su layi-layi, a ajiye kwafi a tashar sarrafawa.

Bayan an samu

Sashe na 91.319 ya hana amfani da jirgin gwaji wajen wani abu ban da dalilin da aka ba shi takardar, ya kuma hana ɗaukar mutane ko kaya don a biya ka. Ko wani ya zo da kuɗi a hannu yana so a kai masa saƙo, amsar a'a ce.

Samfuri kullum cikin sauyi yake, kuma nan ne ake samun matsala. Iyakokin aikinka za su faɗi irin sauyin da sai an sanar da FAA kafin a sake tashi. Sabon fiffike, sabon injin, ƙarin nauyi, ko sauyin manhajar da ya taɓa yadda jirgi ke yi idan sadarwa ta yanke, duk ka ɗauke su manya har sai an ce maka ba haka ba. Kowane sauyi, komai ƙanƙantarsa, ya shiga littafi da kwanan wata da sa hannu, kuma bayan kowane sabunta manhaja a koma benci a maimaita gwajin yanke sadarwa.

Idan hatsari ya faru, jirgin da ke riƙe da shaidar cancantar tashi yana ƙarƙashin hukumar binciken hatsarin sufuri, NTSB: mutuwa, mummunan rauni, ko babbar lalacewar jirgin, duk a sanar nan take, ban da rahoton da COA ta ce a kai wa FAA. Wanda ke tashi a ƙarƙashin Sashe na 107 kuma yana da kwana 10 ya kai wa FAA rahoto idan an yi mummunan rauni, ko wani ya suma, ko an lalata dukiyar wani da ta haura dala 500. Kada a taɓa tarkacen ko a goge bayanan na'ura kafin a ba da izini.

Takardar gwaji tana da ranar ƙarewa a rubuce a jikinta. Ka fara shirin sabuntawa watanni kafin ranar, da taƙaitaccen bayanin awoyin da aka yi, matsalolin da aka samu da yadda aka gyara su. Waɗannan bayanan ne kuma za su zama tubalin neman cikakkiyar shaidar ƙira, hanyar da jirgin kai saƙo na Matternet M2 ya bi har ya samu tasa a Satumban 2022. Dokokin ma suna motsi: a Agustan 2025 FAA ta fitar da daftarin Sashe na 108 kan tashi nesa da ganin ido, don haka kafin ka tura kowace takarda ka tabbatar bugun dokar da ke hannunka shi ne na yanzu.

Wanda kuma yake niyyar ɗauko jirgin ya dawo da shi gida ya sani cewa takardar FAA ba ta tsallake iyakar Amurka da kanta. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, a sashenta na 8, ta ce jirgi mara matuƙi ba ya shiga sararin wata ƙasa sai da izininta na musamman. A Najeriya izinin yana hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, NCAA, tare da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, wanda shi ne ke ba da takardar shaidar mai amfani kafin a shigo da irin waɗannan kaya. Ta ɓangaren Amurka kuma sai an duba ko jirgin ko na'urorinsa suna buƙatar lasisin fitarwa, sannan a soke rajistar N kafin wata ƙasa ta yi masa tata.